Ruwan Rijiyar Baitalahmi

Ga wata tambaya da ta cancanci mu zauna a kanta. Idan ɗanmu ko ƙanenmu yana aikin soja a ƙasar hamada mai nisa, ya aiko da kuɗi gida, na wane ne kuɗin nan? Yaya kuma ya kamata Kirista ya ci shi?

Tafiyar nan ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. A shekara ta 1941 sojan Nijeriya suka ratsa busasshiyar ƙasar Somaliya, daga Magadishu har Harar ta Habasha. Tun daga 2004 kuma aka yi ta aika samarinmu Darfur ta ƙasar Sudan domin tsaron salama, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta rufe aikin a ƙarshen 2020. A 2013 waɗansu suka tafi Mali. An gama waɗannan, amma gidajen da su ke cin abin da wani ya aiko daga nesa ba su ƙare ba.

Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura mun san zafin bazara. Amma in rana ta take, mu kan gudu gindin darbejiya, randa kuwa tana nan a ɗaki. A wancan lokaci, sojan da ke gadi a Darfur ba shi da ikon barin wurin tsayuwarsa. Zafi ya kan haura awo 40, shi kuwa yana sanye da hular ƙarfe da rigar sulke. Ruwan sha a mota a ke kawo shi. Akwai wata guguwa da mutanen Sudan ke kira habub, ta kan taso kamar ganuwa, ta rufe rana, yashi ya shiga ido da abinci. Ba iska kaɗai ke kisa ba. A ƙarshen watan Satumba 2007 'yan tawaye suka fāɗa wa sansanin Haskanita, sojan Nijeriya 7 suna cikin waɗanda suka mutu. A irin wannan wuri a ke samo kuɗin da ke iso mana.

Litafi Mai-Tsarki ya ba mu misali cikin Samu'ila ta Biyu, sura 23. Dauda yana ɓoye, Filistiyawa kuwa sun mamaye Baitalahmi garinsa. Ƙishi ya kama shi, ya yi marmarin ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar garin. Jarumawansa uku suka kutsa ta cikin rundunar magabta, suka ɗebo, suka kawo masa. Dauda ya ƙi sha. Ya tsiyaye ruwan a gaban Ubangiji, gama a idonsa ruwan ya zama jinin mutanen da suka sai da ransu dominsa. Ruwa ne kamar kowane ruwa, amma tamaninsa ya sāke shi.

Wani zai ce, To, ashe sai mu ƙi karɓa? Ko kaɗan. Umarni na biyar ya ce a girmama uba da uwa, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti a kan mai bi wanda ba ya kula da iyalinsa. Ɗan da ya aiko wa tsohonsa kuɗin taki ya yi abin da Allah ya ɗora masa, uban da ya karɓa kuma bai yi laifi ba. Dauda marmari ya yi, mu kuwa sau da yawa bukata ce ta gaske. Abin da za mu koya wurinsa shi ne tsoron nan da ya kama shi sa'anda ya tuna yadda aka samo ruwan.

Inda babu wannan tsoro, ga abin da kan faru. Ran da labarin kuɗi ya iso, gida ya kan cika. Yayansa ya ce shi ne babba, shi zai riƙe. Kawu ya tuna da tsohon bashi. Ƙane ya ce babur ya ke so. A yi biki na nuna isa, matar sojan kuwa tana kallo, yaransa an koro su daga makaranta domin kuɗin wata. Mutumin ya komo da raunannen jiki da zuciya mai firgita, ya tambayi gonar da ya ce a saya, kowa ya sunkuyar da kai. Ba a fasa masa ɗaki ba, duk da haka an yi masa sata, 'yan'uwansa ne kuwa suka yi.

Saboda haka muna roƙon ekklesiyoyinmu su lura da abu uku.

Na ɗaya, mai kuɗi shi ke da magana. Abin da ya ce a yi da shi, shi za a yi, a rubuta kuma kowane kwabo domin a nuna masa ran da ya dawo. Matarsa da 'ya'yansa da iyayensa su ne a gaba, sauran dangi sai abin da ya ba su da yardar ransa.

Na biyu, kada muryarmu ta zama ta roƙo kullum. An ce zumunta a ƙafa ta ke. Ƙafa ba ta kai wa can, amma waya tana kaiwa. Mu kira shi ran da ba mu neman kome, mu gaya masa gero ya yi kai, an raɗa wa jariri suna, an ambace shi cikin addu'ar Lahadi.

Na uku, dattawan ekklesiya da zumuntar mata su riƙa leƙa gidansa. A taya matarsa noma, a tsaya mata in dangi sun matsa. Wannan shari'a ta fi kyau a yi ta tun mai gida yana can, da a yi ta a bakin kabarinsa.

Mu da aka fanshe mu da jinin Yesu Kristi, ya kamata mu fi kowa gane abin da aka saya da rai. Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu a cikin rana da ƙura, ya komo da su lafiya, ya sa kuma su iske mu masu riƙon amana. Amin.