Icce Tun Yana Ɗanye

'Yan uwana mata, babu wadda ba ta san karin maganar nan ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye na faɗa, malamai na faɗa. Sai dai ba a cika tambayar ina za a tanƙwara shi ba, kuma don amfanin wa.

Mutanen Japan suna da wata fasaha da suke kira bonsai, wadda suka samo daga ƙasar Sin ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sukan ɗauki bishiya, sau da yawa wadda ake kira junifa, su dasa ta a ɗan kasko marar zurfi. Lokaci zuwa lokaci a ciro ta a rage mata saiwa, a naɗe rassanta da wayar tagulla har su bi siffar da mai ita yake so. Kada ki ce ƙiyayya ce, domin kuwa lallaɓa ta ake yi kamar jinjiri. Akwai wata da aka fara reno tun 1625, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka bai wa Amurka ita kyauta a 1976. Shekara ɗari huɗu ke nan, amma tsawonta bai kai na mutum ba. Abin mamaki, irinta ba wada ba ne. A shuka ƙwayarta a fili, sai ta zama ƙatuwar bishiya. Kaskon ne da rage saiwa suka tsayar da ita.

To ki dubi kukokin da ke gonakin Bacirawa da kewaye. Su ma suna shan sara, ana datse musu rassa don ganyen miya. Amma ba mai taɓa saiwarsu. Shi ya sa duk tsananin rani suna nan tsaye, damina na faɗuwa su sake tofo.

Tarbiyya ma sara ce. Uwar da ta hana 'yarta ƙarya, lalaci da raina manya, reshe ta datse. Amma wadda ta cire ta daga makaranta don talla, ko take ce mata "ke rufe mana baki" duk sanda ta yi tambaya, saiwa ta yanke. Haka maigidan da ya wadata matarsa da ci da sutura, amma ya hana ta islamiyya, ya hana ta koyon ko ɗinki, ya raba ta da danginta.

Wata za ta ce ai kasko kariya ne, akuya ba ta cin abin da ke ɗaki. Gaskiya ne. Amma bishiyar kasko ba ta iya nemo ruwa da kanta. Mai ban ruwa ya yi tafiya a lokacin zafi, kwana kaɗan ta bushe. Mutuwa ba ta sallama, saki ma haka. Ran da aka wayi gari ba maigida, ga marayu huɗu, wace saiwa za ta riƙe ta?

Saboda haka kafin ki tsawata wa 'yarki, tsaya ki duba. Abin da za ki hana ta, shi ke cutar da ita, ko kuwa ke yake takura wa? In reshe ne, datse shi ba tausayi. In saiwa ce, ki ƙyale ta ta nutsa ƙasa.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.