Sanyin Ranar Yaye Ɗalibai: Wane Haƙuri Ne Mai Lada?

Garin Jos yana bisa tudu na kimanin mita 1,200, saboda haka wanda ya taso daga Shandam ko Lafiya da riga marar nauyi ba ya sanin abin da ke jiransa sai ya zauna a fili. Haka ta same mu a wani bikin yaye ɗalibai a watan Janairu. An soma da rana tsaka, amma kafin a kai ga miƙa takardun shaida iskar hunturu ta taso, jiki ya ɗauki ɓari. Waɗansu suka koma cikin motocinsu. Tsofaffin iyaye mata kuwa suka ƙudundune cikin zane ɗaya, suka ƙi tashi sai sun ji an kira sunayen 'ya'yansu.

Sai mu tambayi kanmu: shan wahala, shi kansa, abin yabo ne? A'a. Sanyi ba ya tsarkake kowa. Ƙauna ce ta ba zaman iyayen nan daraja. Uwar da ta shekara huɗu tana sayar da doya da acca domin kuɗin makaranta, sa'a uku na sanyi ba za su kore ta ba.

Mu tuna da Bitrus. Bisharar Yohanna, sura 18, ta nuna mana cewa daren da aka kama Ubangiji dare ne na sanyi, kuma a bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun saninsa. Neman ɗumi ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya roƙi Timoti ya kawo masa alkyabbarsa. Laifin shi ne mu sami ɗumi ta wurin yashe wanda ya kamata mu tsaya tare da shi.

Amma mu da muka zauna ƙarƙashin rumfa da rigunan sanyi, muna tsawaita jawabai, da wane baki za mu ce wa mai rawar ɗari ya yi haƙuri? Waliyi Martin na Tur, sa'ad da yake soja, ya tarar da almajiri yana makyarkyata a ƙofar birnin Amiyan. Bai yi masa wa'azin haƙuri ba. Ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu, ya ba shi rabi.

Saboda haka mu jure wa namu sanyin, mu gaggauta kore na maƙwabcinmu. Kowane gida ya buɗe akwati: rigar sanyin da ba a sawa, a kawo ta majami'a ranar Lahadi. Ubangiji ya ba mu zuciya mai ɗumi. Amin.