Kyauta ce ko Tarko?

Karatu: Farawa 25:29-34, Yahaya 6:22-27

'Yan'uwa cikin Almasihu, mai kiwon kaji yana watsa dawa, mai ɗana tarko ma yana watsa dawa. Hatsin iri ɗaya ne, niyya ce ta bambanta. Haka kyautar da ake ba mutum don a jawo ra'ayinsa take.

Mun ga wannan a ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa. Zaɓe na matsowa sai taliya, sabulu, atamfa da buhun taki su fara zagaya gidaje. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta sayen ƙuri'a, amma yunwa ba ta karanta doka. Yakubu ma sai da ya ga Isuwa ya dawo daga jeji a galabaice kafin ya nemi matsayinsa na ɗan fari a bakin abinci. Taliya tana ƙarewa cikin mako guda, wanda aka zaɓa kuwa zai yi shekara 4.

Amma kada mu tsaya kan 'yan siyasa kawai. Ikkilisiya fa? In muka kai wa gwauruwa kwanon masara a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sa'an nan muka ce sai ta zo sujada kafin ta ƙara samu, mu ma tarko muka ɗana. Yesu ya ciyar da mutum 5,000 ba tare da sharaɗi ba. Washegari da suka biyo shi saboda gurasa, ya faɗa musu gaskiya, bai ƙara gurasa don ya riƙe su ba. Da yawa suka koma, ya bar su.

Wannan ba ya nufin mu daina taimako. Asibitin ido da mishan SIM ta buɗe a Kano a 1943 har yau yana duba Musulmi da Kirista. Aikin jinƙai shaida ne, amma Ruhu Mai Tsarki ne ke juya zuciya. Bangaskiyar da aka saya da shinkafa, mai buhu biyu zai saye ta gobe.

Ga ma'auni. Kafin ka bayar, tambayi kanka: in ya ce a'a, zan janye hannuna? Kafin ka karɓa: bayan na ci, bakina zai iya faɗin gaskiya?

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake hannunmu wajen bayarwa da wajen karɓa, cikin sunan Yesu. Amin.