Gobarar Daji Tsakanin Ƙaddara da Sakaci

Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, wato tsakanin Fabrairu da Mayu, ciyawar da ke kewaye da Jibiya, tun daga gefen dajin Rugu har zuwa iyakar Magama da ake bi a shiga Maradi, takan bushe ƙayau, ta yadda wutar da mafarauci ya cinna domin koro gafiya daga rami kan iya lashe makiyaya da karan gero kafin la'asar, iska kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Tambayar da ke tasowa ita ce, ko irin wannan asara ƙaddara ce da babu mai laifi a cikinta.

Malaman tauhidi sun bambance tawakkali, wanda shi ne dogaro ga Allah bayan an yi riƙo da sababi, da sakaci, wanda shi ne barin abin da mutum ke da ikon yi. Fiƙihun Malikiyya ya fayyace al'amarin, domin Mukhtasar na Shehu Khalil ya ɗora lamuni, wato biyan abin da aka lalata, a kan wanda ya hura wuta ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, tunda ya san inda za ta kai. Zafin rana da bushewar ƙasa hukuncin Ubangiji ne, amma ƙyasta ashana aikin bawa ne da za a tambaye shi a kansa. Saboda haka wajibi ne limamai da masu unguwanni na ɓangarorin iyakar biyu su riƙa karantar da jama'a wannan hukunci tun kafin ciyawa ta bushe.