Haƙƙin Mai Biyan Kuɗin Wuta da Matsayin Fasaha a Ma'aunin Maslaha

Akan sami mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare haƙƙin masu biyan kuɗin lantarki, kuma shi ne dai yake ɗaukar nauyin marubuta da mawaƙa da masu zayyana, har wasu su zarge shi da raba hankali biyu, domin a ganinsu wanda jama'arsa ke kwana cikin duhu bai kamata ya damu da ado ba.

Malaman usulu, musamman Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larurai, wato abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, buƙatu, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da kyautatawa, wato abin da ke ƙawata zama da ɗabi'a. Aikin kare haƙƙin masu biyan kuɗin wuta yana tsakanin larura da buƙata. Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, bisa alkawarin sa'a 20 a rana, mai biya ya buƙaci wanda zai bi masa kadin alkawarin. Shi kuwa magidancin da ba shi da mita, ana kawo masa takardar kuɗi bisa ƙiyasi, tamkar mai sayen hatsi ne da aka hana shi ganin mudu, kuma hana irin wannan tauye awo shi ne aikin muhtasibi, jami'in da ke duba ma'auni a kasuwannin Musulmi tun da can.

Fasaha kuwa tana matakin kyautatawa, sai dai fifikon da ke tsakanin matakan uku yana aiki ne idan sun yi karo. Shaɗibi kansa, a littafinsa Muwafaƙat, ya nuna cewa mataki na ƙasa yana cika na sama yana kuma kare shi, ta yadda idan aka yi watsi da shi baki ɗaya ɓarnar kan haura. Saɓanin malamai a kan kiɗa sananne ne, amma bai shafi mai rubuta waƙar wa'azi ko mai zayyanar allo ba.

A aikace ma da wuya a raba ayyukan biyu, domin mai fasaha shi ma mai biyan kuɗin wuta ne. Mai situdiyo a Titin Gidan Zu a Kano yakan dakatar da ɗaukar murya saboda ƙugin janareta yana shiga makirufo, kuma kuɗin da zai sallami yaran shagonsa da shi yakan ƙare a gidan mai.