Haƙƙin Baƙon da Ba Ya Magana



Ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba na raka wani ɗan uwa bakin ruwa ta wajen Oworonshoki, zai karɓi kayan da aka turo masa a kwale-kwale. Ruwa ya janye, laka ta fito baƙa ƙirin, sai ga wasu mutum biyar a tsaye da madubin hangen nesa da littafin rubutu. Na ɗauka masu awon fili ne. Ashe tsuntsaye suke ƙirgawa, wai ranar ce aka ware a duniya don tsuntsaye masu ƙaura. Na yi dariya a raina, na ce lallai akwai waɗanda ba su da aikin yi a Legas.

Ɗayansu ya miƙo mini madubin. Na ga belbela, na ga zalɓe tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, shirwa na shawagi a sama. Waɗannan tun a gida na san su. Sai ya nuna mini wani ɗan ƙarami mai ruwan ƙasa, yana tafiya yana kaɗa bindi, nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba. Can gefe kuma wani mai dogon baki lanƙwasasshe yana zaro ƙaguwa daga rami. Ya ce waɗannan biyun a arewacin duniya suke ƙyanƙyasa, idan sanyi ya ƙarato sai su yo kudu. Daga cikin masu lanƙwasasshen bakin, waɗanda ke ƙasar Aislan sukan yi kwana huɗu ko biyar a saman teku ba su sauka ba kafin su iso Yammacin Afirka. Irin wannan ilimi ya fara samuwa ne tun 1899, lokacin da wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa.

Muna nan sai ga wani yaro da ɗaya daga cikin ƙananan, ya ɗaure masa ƙafa da zare, yana neman naira ɗari biyar. Na sa hannu aljihu zan saya in sake shi. Mai madubin ya ce: "Alhaji, in ka saya yau, gobe biyu zai kamo." Na mayar da kuɗina, domin ni ɗan kasuwa ne, na san gaskiya ya faɗa. Na tafi na bar tsuntsun a hannun yaron, kuma tun ranar tambaya ɗaya ke damuna: shin halittar da ta sauka kusa da mu, ba tamu ba ce, ba ta amfane mu da komai ba, tana da wani haƙƙi a kanmu?

Ina ganin mu ne muka fi kowa cancantar amsa wannan. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su iya tafiyar a yini ɗaya. Zango zango suke yi, kuma duk zangon da ya lalace, ayari ne ke wahala. Sabo a Ibadan da unguwannin Hausawa na Agege duk daga masauki suka faro. To wannan laka da muke gani kamar ƙazanta, ita ce zangon tsuntsayen nan. Kogin Ogun yana kawo ruwan daɗi, teku tana turo na gishiri, tsutsa da ƙaguwa da 'yan kifaye suna yaɗuwa a tsakani. Tsuntsun da ya iso a rame, nan yake mayar da kitsen da zai koma da shi. Ita ma shirwa 'yar cin rani ce kamar mu: da kaka ta gangaro kudu, da damina ta koma arewa.

Kuma wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wane yaro ne a ƙauye zai jefi shamuwa a kan bishiyar gidansu bai sha faɗa ba? Tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, da kaka ta kama hanyar kudancin Afirka. Muna fatan mutanen can su ƙyale ta ta dawo mana. To waɗannan na bakin ruwan Legas, shamuwar wasu ce, akwai masu jiran dawowarsu.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: mutum bai sami ɗakin haya ba, ana maganar tsuntsu? Gaskiya ne. Yaron nan wataƙila bai karya ba. Mai cike fadama da yashi ya gina ɗaki biyu, iyalinsa yake nema wa mafaka. Ban ce a fifita tsuntsu a kan ɗan Adam ba, ban kuma ce farauta don abinci laifi ba ce. Amma mu duba da kyau, yawancin ɓarnar da ke fitowa daga hannunmu ba yunwa ce ta kawo ta ba. Ledar fiyawata da robar abinci da muke turawa kwata, da jini da ƙazantar mayanka da ke gangarawa kogi, duk a wannan zango suke ƙarewa. A Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana amfani da farar robar nan ta zuba abinci, saboda yadda take toshe magudanai. Kuma idan aka cike fadama, ruwa ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Mutanen Isheri da Owode da Agiliti sun san yadda ambaliya ke shigo musu ɗaki a watannin Satumba da Oktoba.

Akwai kuma wanda ya shafi kasuwa kai tsaye. A ruwayen nan, ta wajen Epe da Badagiri, har yanzu akwai ayu. Uwar takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tal, sai an jima kafin ta sake. Duk kwalbar man ayu da aka saya, in na gaske ne, saƙo ne ga mafarauci cewa ya koma ruwa. Haka aku mai jan bindi: tun 2017 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda ya kusa ƙarewa a wurare da yawa. Ungulu kuwa, ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganin ta a mahauta. Mai kamawa yana da laifi, amma mai saye shi ke riƙe da igiyar.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mun sha jin ɗacin wannan magana a nan kudu, ranar da aka wayi gari an rushe rumfa, aka ce ai ba garinku ba ne. Wanda ya ɗanɗani haka bai kamata ya zama mai rushe masaukin wani ba don kawai wancan ba shi da bakin kai ƙara. Amsata ke nan: yana da haƙƙi, kuma haƙƙin ba mai nauyi ba ne. Kada a kama shi don wasa, kada a saye shi don ado, kada a ɓata masa wurin da ba a buƙata.

Iyaye, ku karɓe danƙo daga hannun yara, ku gaya musu dalili. Masu rumfa, a tara shara a buhu maimakon kwata. In kun sami sarari wata safiya kafin watan Afrilu, lokacin da baƙin za su fara komawa, ku kai yaran bakin ruwa sa'ad da ya janye, su ga ɗan tsuntsun nan mai kaɗa bindi, ku faɗa musu daga inda ya taso.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Juma'a mai albarka.