Kafin Mu Biya Kuɗin Haya

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, kuma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki daga Kano zuwa Dutse, ko neman abinci ya ja shi daga Kaduna zuwa Gombe, sai ya kira dillali a waya. Dillali ya turo hotuna ta WhatsApp, a ga tayil yana ƙyalli, a ga ƙyauren ƙarfe da katanga mai tsawo, a ranar a tura kuɗin shekara har da la'ada. Bayan mako biyu a loda mata da yara da kaya a mota. Ba a tambayi wanda ke zaune a dama ba, ba a san na hagu ba, ba a san inda ruwan sama ke bi ba. Wasunmu mun yi hakan da kanmu, wasunmu kuma mun ga 'ya'yanmu suna yi muka kama baki, wai kada a ce tsoho ya cika sa ido.

Abin da ke ruɗarmu shi ne zaton cewa ƙaramin gari ko'ina lafiya lau ne. A da haka abin yake, lokacin da kowa ya san kakan kowa. Amma garuruwan nan sun tashi da sauri fiye da yadda aka shirya musu. A 1991 Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi suka wayi gari sun zama manyan biranen jiha, a 1996 Gusau da Gombe suka biyo baya. A 2011 aka kafa jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 aka ƙara da Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi. Ma'aikata suka zo, ɗalibai suka zo, daga baya kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suka kwararo. Sai aka shiga yanka gonakin bakin gari ana sayarwa fuloti-fuloti, awon igiya, ba a bar wa lambatu wuri ba, ba a bar filin makaranta ba, wani layin ma mota ba ta iya juyawa a cikinsa. A irin waɗannan wurare ne sababbin gidaje masu kyan hoto suka fi yawa, kuma can dillali ke fara kai baƙo.

Mu fara da ruwa, domin shi ne ba ya jin roƙo. Yawancinmu da rani muke duba gida, lokacin da ƙasa ta bushe, kwari da tudu duk sun zama ɗaya a ido. Ba ma sunkuyawa mu dubi gindin katanga, inda ruwan bara ya bar alamarsa ko da an shafe da sabon fenti. Ba ma lura da buhunan yashi da maƙwabta suka jera a bakin ƙofa, ko dakalin da aka ɗaga ya kusa kai gwiwa. Mutanen Haɗeja da Auyo sun san abin da daminar 2022 ta yi musu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shafe unguwanni a Maiduguri, a watan Mayun 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta ci rayuka fiye da ɗari a dare guda. A Gombe kwazazzabo ne ke cin ƙasa a hankali har ya iso gindin gida. Ba kowace unguwa ce za ta ga irin wannan masifa ba, Allah Ya kiyaye. Amma kududdufin da ke kwana a bayan taga daga Yuli zuwa Oktoba ya isa ya sa yaro ya yi ta zazzaɓin cizon sauro, har kuɗin da aka yi murnar an rage a haya ya ƙare a kemis. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai mu ba ma tsayawa mu ga abin da muke saye.

Sai batun tsaro, wanda muka mayar da shi batun tsawon katanga da wayar da aka nannaɗa a kanta. Gidan da yake na ƙarshe a layi, bayansa daji, gefensa kangwaye uku da masu su suka bari shekara da shekaru, katanga ba za ta cece shi ba. A Satumbar 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga gidajen haya a Sabon Gida, a gefen Gusau, bayan 'yan kwanaki aka yi irin haka a Dutsin-Ma. Ko inda babu wannan bala'in, kango shi ne majalisar masu shaye-shaye, kuma ɗanka mai shekara goma sha uku ta nan zai riƙa wucewa idan an aike shi. Unguwa tana da fuskar rana, tana da fuskar dare. Wanda ya je da hantsi ya ga tsit, ya koma bayan sallar isha'i ya tsaya wajen mai shayi na ɗan lokaci, ya ga su wa ke zaune a kan kwalbati, ya ji irin maganar da ke fita daga bakinsu, ya lura ko mata na iya fitowa sayen abu ba tare da fargaba ba.

Abin da ya fi damuna a lamarin nan shi ne wanda ke zaɓen gidan ba shi ke zama a cikinsa ba. Maigida ya fita da safe, sai dare. Uwargida ce za ta wuni tana jiran ɗan garuwa, domin famfo ado ne kawai, rijiyar kuma tana ƙafewa tun watan Maris. Ita ce za ta riƙe zuciyarta a hannu kullum yara za su tsallaka babban titi zuwa Islamiyya, tireloli na wucewa. Ita ce naƙuda za ta kama da tsakar dare a layin da mai A Daidaita Sahu ke ƙin shiga da damina, asibiti kuma yana can ɗaya gefen gari. Mun raba ta da mahaifiyarta da 'yan uwanta da maƙwabtan da ta saba da su, muka ajiye ta inda ko barkono ba ta da wanda za ta aika a karɓo mata, sannan idan ta yi ƙorafi mu ce ba ta da godiya. Wannan ba adalci ba ne, kuma mun sani. Me zai hana a je da ita tun farko, ta shiga gida biyu ko uku ta gaisa da matan layin? Abin da mace za ta ji a tsakar gida cikin rabin sa'a, namiji ba zai ji shi a waje ba ko ya yi wata.

Alhali ƙaramin gari yana da wata ni'ima da manyan birane suka fara rasawa: har yanzu akwai wanda za a tambaya. Akwai mai unguwa, akwai limamin masallacin layi, akwai mai kantin da ya san wanda ya tashi da dalilin tashinsa. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa tana kan ka biya, don haka ba bakinsa za ka nemi aibin gida ba. Nemi wanda ya fita daga gidan, ka tambaye shi cikin mutunci. Tambayi yaushe rabon da a ga wuta, wa ke gyara taransifoma idan ta lalace, ko akwai 'yan sintiri da nawa kowane gida ke bayarwa. Kada kuma mu ɗauka unguwar masu kuɗi ita ce unguwar aminci. Akwai layin da gidajensa na ƙasa ne, amma baƙuwar fuska ba ta shiga ba a tambaye ta wurin wa ta zo ba, kuma yaro ba ya yin rashin kunya a gaban babba ya wuce ba a tsawatar masa ba. Akwai kuma layin manyan gidaje da za a yi ihu a ciki har a gaji, kowa na bayan ƙyaurensa.

A nan ne laifinmu ya fi fitowa, mu da muka taso daga manyan birane. Mukan zo da ɗagawa, muna ganin mun zo ƙauye. Ba mu kai gaisuwa wurin mai unguwa ba, ba a ganinmu a jana'iza ko suna, gilashin mota a rufe muke shiga muke fita. Muna sako ruwan wanka a kan hanyar mutane, muna kunna janareto a gindin tagar maƙwabci har asuba. Ranar da wani abu ya faru, sai mu yi mamakin yadda ba wanda ya fito. Mutane ba sa fitowa don wanda ba su san sunansa ba, kuma yaran da muka kulle a gida don kada su lalace, wayar da muka ba su ce ke renonsu, ba kowa a kusa da zai ce musu kul.

Ga masu niyyar saye ko gini kuma, ina roƙonku ku yi haƙuri ku fara da haya, ku ga damina guda da rani guda a garin kafin ku binne abin da kuka tara. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, don haka takardar da mai sayarwa ya rubuta da shaidu biyu ba ta hana gireda zuwa idan filin yana kan hanya ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. A je ma'aikatar filaye a duba. Idan kuma filin gado ne, a tabbata an raba, a zauna da magada duka, har da matan cikinsu, kafin kuɗi ya bar hannu.